Széchenyi da kuɗin haye gadar Danube

Jama'a masu sauraro, yau Hangari za mu leƙa, wajen István Széchenyi, ɗan gidan sarauta da aka haifa a 1791, wanda har gobe hotonsa ke kan takardar forint 5,000 ta ƙasar. Ya tashi cikin daula, gonaki ba iyaka, ya yi soja har da shi aka gwabza da Napoleon a Leipzig a 1813. Amma ni ba wannan ne ya ja hankalina ba.

A watan Disamban 1820 mahaifinsa ya rasu, ya taso zai je jana'iza sai ya iske ƙanƙara ta hana kowa ƙetare kogin Danube, babu gada tsayayya tsakanin Buda da Pest, biranen da ke gaɓoɓin kogin biyu, haka ya yi kusan mako guda yana jira a bakin ruwa. Wannan takaicin bai bar zuciyarsa ba.

A 1825 ya miƙe a majalisa ya yi magana da harshen Hangari, alhali manya Latin suke yi, ya ba da kuɗin shigarsa na shekara guda cur, forint 60,000, aka kafa cibiyar ilimi ta ƙasa. To ba da kyauta mai sauƙi ne ga mai hali. Mai wuyar ita ce maganar gadar da ya dage a gina a kan Danube. A lokacin masu sarauta ba sa biyan haraji ko sisi, talaka ne ke ɗaukar nauyin komai, shi kuwa ya kafe kai da fata cewa duk wanda zai haye sai ya biya, basarake ne ko manomi, kuma ku tuna fa shi ma basaraken ne, 'yan uwansa ya taɓo, suka yi ta kumfar baki amma doka ta wuce. Wallahi wannan ya burge ni.

Injiniya William Tierney Clark daga Ingila ya zana ta, aka buɗe a 1849. Lajos Kossuth, wani jigon siyasar Hangari wanda suka daɗe suna sa-in-sa da Széchenyi, shi da bakinsa ya kira shi mafi girman 'yan Hangari.

Sai dai juyin juya halin da aka yi a Hangari a 1848 ya karya Széchenyi. Yana ministan ayyuka da sufuri, tsoron abin da zai faru da ƙasar ya taɓa masa hankali, aka kai shi asibiti a Döbling kusa da Biyana. Can ya kashe kansa a Afrilun 1860, bai taɓa taka gadar da ƙafarsa ba bayan an gama ta.