Sharhi: Masu Kiran Dakarun Jiki

Masu sauraro, barkanmu da war haka.

A ce ƙaya ta soke ka a yatsa. Kafin yamma wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi, bayan kwana biyu kuma ga mugunya. Yawancin mugunyar nan gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ne da suka zo yaƙi suka mutu a fagen daga. To wa ya nuna musu hanya, tunda ba su da ido ba su da kunne?

Wasu 'yan mitsi-mitsin furotin ne da masana ke kira kemokain. Naman da ya ji rauni shi ke sakin su, kuma sun fi yawa a bakin ciwon, suna raguwa in an yi nisa. Farar ƙwayar jinin da ke mirginawa a bangon jijiya, da zarar saƙon ya taɓa makarɓin da ke jikinta, wato wurin da ke karɓar saƙon, sai ta tsaya cak, ta manne, ta kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bangon, ta bi sawu har inda aka kira ta. Ɗan Adam na da irin waɗannan masu kira kusan 50, makarɓansu kuma kusan 20. An gano ɗaya daga cikin fitattunsu, CXCL8, a 1987, sunan kemokain kuwa sai a 1992 aka tsayar da shi.

Tarihinsu a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado. Ƙwayoyin gadon da yawansu a jere suke kusa da juna a kan kiromozom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 4 da na 17, alamar cewa kwafi ne ya yi ta haifar kwafi, kowanne ya ɗan sauya ya kama aikinsa. Ƙuda da tsutsa ba su da kemokain, a halittu masu ƙashin baya suka bunƙasa. Daga cikin tsofaffi akwai CXCL12 da makarɓinsa CXCR4, waɗanda kusan iri ɗaya ne a mutum da ɓera, kuma ɓeran da aka cire masa su ba ya wuce lokacin haihuwa. Amma shi ɓeran ba shi da CXCL8 sam, abin da ya kamata mai gwajin magani a kansa ya riƙa tunawa.

Inda labarin ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ƙofar da jiki ya gina wa ɗan aikensa, ta nan ɓarawo ke shiga. A 1996 aka tabbatar cewa ƙwayar cutar HIV tana bi ta makarɓin CCR5 ko na CXCR4 kafin ta shiga ƙwayar jini. A shekarar ce kuma aka gano wasu mutane da suka rasa haruffa 32 na rubutun gado a ƙwayar gadon CCR5, har ƙofar ba ta fitowa. Wanda ya gaji haka ta uwa da uba, wato kusan mutum 1 cikin 100 a arewacin Turai, da wuya yawancin nau'in cutar su kama shi. Timothy Ray Brown, wanda ke fama da HIV da sankarar jini, a Berlin aka yi masa dashen ƙwayoyin ɓargon irin wannan mutumin a 2007, ya zama na farko da ya rabu da cutar. A shekarar aka amince da maganin Maraviroc, wanda aikinsa toshe wannan ƙofar ne.

Zazzaɓin cizon sauro ma ya bar tambarinsa. Nau'in Plasmodium vivax yana shiga jar ƙwayar jini ta wani makarɓin kemokain da ake kira Duffy, kuma mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ba su da shi a jajayen ƙwayoyinsu, shi ya sa da wuya wannan nau'in ya kama su. Wani mai bincike, Louis Miller, da abokan aikinsa ne suka nuna alaƙar a 1976. Wani abin da ke tafe da wannan gadon shi ne, gwaji kan nuna ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini alhali mutum lafiyarsa ƙalau, likitan da bai sani ba sai ya ɗaga masa hankali a banza.

Sai dai kowace ƙofa aka toshe, akwai abin da aka rasa. Masu rashin CCR5 sun fi jin jiki idan cutar Yammacin Nilu, wadda sauro ke yaɗawa, ta kama su. Shi ya sa nake ganin He Jiankui, wani masanin kimiyya ɗan China, ya yi gangancin da ba shi da uzuri, lokacin da ya sanar a 2018 cewa ya sauya ƙwayar gadon CCR5 a jikin tagwaye mata tun kafin a haife su, yaran da ba su ɗauke da cutar HIV, ga kuma hanyoyin kariya masu sauƙi. A ƙarshen 2019 wata kotu a Shenzhen da ke China ta ɗaure shi shekara 3. Su kuwa yaran, da wannan sauyin za su rayu, kuma suna iya gadar wa 'ya'yansu.