Leda a ciki, gudu a rana: kitse ne ke zuba ko ruwa?

[Hoto: ɗaliban Jami'ar André Salifou na zagaye filin wasa da yamma]

Ku dubi mai jan wandon nan. A'a, na bayansa. Kun ga abin da ke leƙowa ta ƙasan rigarsa? Leda ce, baƙa, irin ta cefane. Ya naɗe tumbinsa da ita, ya ɗora rigar sanyi a kai. A Damagaram fa, cikin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Tun da salon nan ya shiga wayoyin ɗalibai ake turo mana tambaya ɗaya: wai da gaske leda na narka kitse? Wani ma hoton sikeli ya aiko, ya ce cikin awa guda ya sauke kilo ɗaya da rabi.

Bai yi ƙarya ba. Sikelin ma bai yi ba.

[Hoto: an matse riga cikin kwano]

Ga kilo ɗaya da rabin nasa. Kusan kashi 99 cikin 100 na gumi ruwa ne, ragowar gishiri da ƴan tarkace. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Ya koma ɗaki ya kwankwaɗi ruwa, ya bi da fura, gobe da safe sikeli ya mayar masa da kayansa.

To kitsen ta ina yake fita? A nan ne kowa ke ɓata hanya, don haka mu tafi a hankali. Ta hanci da baki. Eh, numfashi. In jiki ya ƙona kitse, yakan rikiɗe ya zama iskar kabon da ruwa. Cikin kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iska, kilo 1.6 kaɗai ke zama ruwa. Wannan hakin da kake yi a zagaye na biyar, kana ji kamar ranka zai fita, shi ne ƙofar. Leda kuwa ba ta da hulɗa da huhu.

Kuma abin a sannu yake tafiya. Kilo ɗaya na kitse ya kai kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da jiki ke ƙonawa). Mai nauyin kilo 70 in ya yi gudun kilomita 5, kalori wajen 350 ya ƙona. Ku yi lissafin, ai ƴan jami'a ne ku. Bai kai giram 50 ba.

[Hoto: randa a gindin bishiya, jikinta a jiƙe]

Me ya sa ruwan randa ke sanyi? Tana tsattsafo, iska na busar da danshin, zafi na tafiya da shi. Fatarka ma haka take aiki. Yanzu naɗe randar da leda, ka dawo bayan la'asar ka sha. Haka kake yi wa jikinka: gumi na zuba, ba ya bushewa, zafi na taruwa a ciki. Daga nan sai jiri, ciwon kai, ɗaurewar jijiya, wani ya yanke jiki ya faɗi. A 1997, ɗalibai uku ƴan kokowa a jami'o'in Amurka sun rasu cikin ƴan makonni wajen rage nauyi ta hanyar matse ruwan jiki, har aka haramta rigunan roba a wasannin jami'o'insu. Ni dai da na ga yaro da leda a fili, gabana faɗuwa yake.

Sauran a gurguje. Fito bayan sallar asuba ko dab da magariba. Riga marar nauyi. Hau sikeli kafin ka fara da bayan ka gama. Duk kilon da ya ɓace, mayar da shi da ruwa kamar lita ɗaya da rabi, kaɗan-kaɗan. Fitsari ya yi launin shayi, ruwa ya yi ƙaranci. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi a fili, a kai shi inuwa, a tuɓe masa kaya, a kwarara masa ruwa, a nufi asibiti.

[Hoto: mai rigar sanyi ya tsaya, yana warware leda]

Yauwa, ɗan'uwa. Ajiye ta, za ta yi amfani wajen sayen tumatir.