Darasin walda: yini guda a Sharaɗa da sandar 7018

Assalamu alaikum, masu kallo barkanmu da safiya. Yau ba a shago muke ba, aiki ne ya kawo mu Sharaɗa, wani kamfanin casar shinkafa. Ƙafar tankin ruwansu ce ta fara tsagewa a wajen haɗi, to ita za mu gyara, mu ƙara mata faranti mai kaurin milimita 10 a kusurwa. Sani, matso da kyamarar nan, kar ka tsaya a rana.

Ƙarfe bakwai da rabi muka shigo, yanzu tara ta wuce, ban kunna inji ba tukuna. Haka yinin mai walda yake a kamfani. Awo, yanka, gurzawa, jiran a zuƙe ruwan tanki. Waldar kanta ba za ta ci awa biyu ba. Yadda ake gurje tsatsa da fenti da giranda kun sani, ba sai na nuna ba, ku dai gurza har ƙarfe ya yi fari, har da inda za ku maƙala wayar at, wato wayar inji da ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake aiki a kai.

To ga abin da ya sa na ce a ɗauki bidiyon nan. Kalli sandunan nan biyu. Wannan 6013 ce, wadda kowa ya saba da ita, ƙofa, taga, gadon ƙarfe, duk ita ce. Wannan kuma 7018. Lambobi biyun farko ƙarfin waldar suke nunawa, 70 ɗin nan na nufin fam dubu 70 a kan kowane inci murabba'i. Abin da zai ɗauki nauyi a kan mutane, ni 7018 nake sa masa. Amma tana da hali. Ba ta shiri da laima ko kaɗan. Garin da ke jikinta yana zuƙar danshi, kuma yanzu muna tsakiyar Agusta, iskar ma jiƙe take. Idan ta sha danshi za ka ga walda ta yi ƙananan huji kamar tsatsa ta ci kwano, wani lokacin ma sama lafiya lau, sai bayan kwana biyu ta tsage daga ciki.

A ƙa'ida, da ka buɗe kwali, kada ta wuce awa 4 a waje. Sauran a ajiye su a ɗan murhun sanduna a kan zafi kamar digiri 120. Ga nawa nan, kamar fulas ɗin shayi, a Ƙofar Ruwa na samo shi na hannu. Na san wani zai ce, Oga, ni ina shanya su a rana. Ranar Kano da zafi, na yarda, amma ba ta fitar da danshin da ya riga ya shiga. Wanda ba shi da murhu ya sayi daidai wadda zai ƙarar a ranar.

Shekarata ta biyu a sana'ar nan, wani kamfani a Challawa ya ba maigidana aiki, ya bar ni da rabin kwali da ya kwana uku a buɗe. Na yi walda ina jin daɗi, ta yi kyau a ido. Injiniyansu ya zo ya sa aka gurza wuri ɗaya, sai huji ko'ina. Yini biyu na yi ina cire abin da na yi da hannuna, ba ko kwabo.

Yauwa, sanda 3.2 ce, wadda 'yan kasuwa ke kira geji 10. Holda, wato mariƙin sanda, a wajen fulos na inji, at a wajen mainos. Wuta zan sa ta amfiya 125... a'a, tsaya, ai a tsaye za mu yi, daga ƙasa zuwa sama. A kwance ne nake ba ta 125. Sani, mayar da ita 105. In ka bar ta da yawa narkakken ƙarfen zai zubo maka kamar koko.

To mun kunna inji, har na ɗisa walda a wuri huɗu don farantin ya tsaya. Masu kallo ku kam kyamara ta kare ku, amma kai Sani ɗauki gilashinka. Baƙin tabarau na kasuwa ba gilashin walda ba ne, a nemi lamba 10 ko 11. Wanda hasken ya taɓa kamawa ya san yadda ake farkawa tsakar dare ido kamar an zuba yashi. Kuma don Allah a daina ɗiga madara ko ruwan albasa a ido, a je a ga likita.

Bismillah. Kun ga ban ɗaga hannu ba? Sandar nan kusa-kusa take so, kamar za ta taɓa ƙarfen. Na tsaya a hagu, ɗaya, biyu. Na tsallaka tsakiya da sauri. Na tsaya a dama, ɗaya, biyu. Na hau kaɗan. Wannan tsayawar a gefe ita ce ta wahalar da ni shekara guda cur. Ina sauri a gefe, ina daɗewa a tsakiya, sai tsakiya ta yi tozo, gefe kuma ya zaizaye ya bar rami. Tsakiya za ta cika da kanta, gefen ne ke buƙatar haƙuri. Ni har yau a zuci nake ƙirgawa.

Na tsaya in gyara tsayuwa, to duba bakin sandar. Ya yi wani abu kamar gilashi, in ka buga ba za ta kama ba. Kar ka yi ta dukan ƙarfen mutane da ita, garin zai fashe. Murje bakin da yatsa, da safar hannu fa, ko ka goga a kan fayil. Sannan ka kunna a ɗan sama da inda ka tsaya, ka dawo cikin ramin, ka ci gaba.

Af, masu tambaya a kan koyo, bayan damina zan ɗauki yara biyu. Sharaɗi ɗaya ne, iyaye su zo da kansu, kuma wata uku na farko giranda ce da share shago.

Bari mu ɓare ɓawon da garin sanda ya bari a kan waldar mu gani. Kun ga yadda yake ɗagowa da kansa? Wutar ta yi daidai ke nan. Sai dai nan, wajen da na sake kunnawa, ga huji guda biyu, surutu ya ɗauke min hankali na ɗaga hannu. Ba za a rufe a kansu ba. Sani, ajiye kyamarar a kan durom, miƙo min giranda, mu cire wurin kafin a kira Azahar.