Kalangu a Cikin Akwati

Assalamu alaikum. Na gode da wannan gayyata.

Bari in fara da sutudiyo. Wanda ya taɓa leƙa ɗakin haɗa waƙa a Kano ya san abin da zai tarar: yaro ɗaya, fiyanon Yamaha a gabansa, kwamfuta a gefe. Aikin da a zamanin Mamman Shata sai an cika mota da makaɗa da 'yan amshi, yau mutum ɗaya ke gama shi kafin la'asar. Shata ya rasu a 1999, daidai lokacin da kiɗan fiyano ke mamaye finafinan Hausa.

Ni ba na cikin masu zagin na'ura. Ta ba 'ya'yan talakawa da ba su gaji kiɗa ba damar fitar da basirarsu. Ko Auto-Tune ɗin da ake ta suka, wato manhajar gyara muryar mawaƙi, wanda ya fito a 1997, ya rufa wa muryoyi da yawa asiri. Wanda ya ƙirƙiro shi ma, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin gano man fetur ta hanyar sauti a ƙarƙashin ƙasa.

Damuwata tana wani wurin.

Jama'a, Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan yaro daban, kukar miya daban, hawa da saukar murya ne ke raba su. Kalangu kuwa an yi shi ne don ya bi wannan hawa da sauka. Makaɗi ya saƙale shi a hammata, ya matse tsarkiya sauti ya hau, ya sassauta ya sauka. Ke nan magana yake yi. Shi ya sa mahauci yana tsakiyar kasuwa zai ji an kaɗa takensa daga nesa, tsikar jikinsa ta tashi, ya ajiye wuƙa ya zaro kuɗi. Ba wanda ya ambaci sunansa da baki, ganga ce ta kira shi, ta kira ubansa.

To abin da ke shiga kwamfuta bugu ne da aka naɗa aka adana, a maimaita shi yadda ake so. Amon yana nan, zancen ya fita. Ka tambayi mai haɗa kiɗan me gangar ta ce, sai ya yi maka kallon mamaki, kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda ya koya masa.

Ga shi yanzu ƙirƙirarriyar basira ta fara haɗa waƙa da kanta, kuma abin da aka zuba a intanet shi take koyo. In amo kawai muka zuba, amo za ta mayar mana.

Ɗalibai, ku nake roƙo. Kowannenku yana da waya. In an yi hutu, ku nemi tsohon makaɗin garinku, ku naɗi bugun, sannan ku ce, "Baba, me ta ce?" Ku naɗi amsar ita ma, ku rubuta taken wane ne da sunan garin.

An miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. Bismillah, masu tambaya.