Lasisi daban, izinin kaya daban: inda masu shigo da asetik anhaidirayid ke tuntuɓe

[Ganguna a cikin kwantena]

Jama'a, ruwan da ke cikin gangunan nan garau yake, ga wari mai hawa kai. Sunansa asetik anhaidirayid. Da shi ake haɗa asfirin, da shi ake yin audugar gindin sigari. Da shi kuma ake juya mofin ya koma hiroyin, kuma wannan na ukun ne ya jawo masa sa ido. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan fataucin miyagun ƙwayoyi ta jera irin waɗannan sinadarai a jadawali biyu. A 2001 aka ɗauke shi daga na biyu aka kai shi na farko, inda doka ta fi tsauri.

[Takardu suna wucewa]

Waɗannan a gurguje, don kowane ejan mai fito da kaya daga tasha ya san su. Lambarsa ta kwastam 2915.24. Kada a rubuta 2915.21, wannan ta asetik asid ce, kuma jami'i ba zai yarda cewa hannu ne ya kuskure ba. Ga takardar bayanin haɗari mai sashe 16. Ga lamba UN 1715 a jikin ganga, domin yana cin fata, yana kuma kama wuta.

To, yanzu a gyara zama.

Abin da ake ta yaɗawa shi ne: "Kamfanina yana da lasisi, me kuma ya rage?" Malam, da saura. Lasisi shaida ce cewa hukuma ta san ka, ta san ma'ajiyarka, ta yarda ka riƙe wannan sinadari. Izinin shigowa kuwa na kayan ne. A ƙasashe da dama yana ɗauke da sunan mai sayarwa, da sunan mai karɓa, da yawan kilo, da ranar da zai ƙare. Kuma tun kaya ba su bar ƙasar mai sayarwa ba ake neman sa.

Me ya sa tun can? Ku dubi allon nan.

[Zane: ƙasashe biyu, kibiya a tsakani]

Sashe na 12 na yarjejeniyar ya ba kowace ƙasa damar cewa a riƙa sanar da ita kafin a turo mata sinadarin jadawali na farko. Tun 2006 hukumar INCB, mai sa ido kan miyagun ƙwayoyi a duniya, take gudanar da wani tsari a intanet mai suna PEN Online domin wannan aiki. Hukumar ƙasar mai sayarwa za ta aika wa taku sanarwa: ga kamfani kaza, zai karɓi kilo kaza. Taku ta buɗe kundinta. Idan ta ga izini, suna da adadi sun yi daidai, shi ke nan. Idan ba ta gani ba, tana iya cewa a dakatar. Kai kana nan kana lissafin ranar isowar jirgi, alhali hukumomi biyu sun gama magana a kanka, ba ka da labari.

Ni a ganina, wanda aka tsayar masa da kaya tun can ma ya yi sa'a. Wanda nasa suka iso babu izini, kuɗin ajiya na hawa kullum, kayan na iya zama abin ƙwacewa, ga tambayoyin da ba na haraji ba ne.

[Ejan yana ta buga waya]

Shi kuma wannan bawan Allah da yake cewa "bar min, na san mutane", a nan sanin mutane ba ya haifar da takardar da ya kamata a ce ta fito tun kafin lodi.

Sai a kula da ƙananan abubuwa. An ba ka izinin kilo kaza, mai sayarwa ya ƙara ganga ɗaya don ya cika kwantena: matsala. Sunan kamfani a rasit ya bambanta da na izini: matsala. An sauya mai sayarwa a tsakiyar ciniki: koma wurin hukuma kafin a loda. Za kuma a nemi ka rubuta abin da za ka yi da shi, to adadin ya dace da girman masana'antarka.

[Kwantena yana fita daga tasha]

Bayan kaya sun fito, kada a zubar da ko takarda ɗaya. Yarjejeniyar ta ce a adana su aƙalla shekara 2, kuma dokar ƙasarka tana iya neman fiye da haka.