Me ya sa motar 1:64 ta fi ta 1:18 ƙanƙanta?

Jama'a, kwana biyun nan ana ta ce-ce-ku-ce a zaurukan WhatsApp na 'yan uwa mazauna Agege da Idi-Araba a Legas. Mutum ya yi odar 'yar motar wasa ta ƙarfe, samfurin Land Cruiser, a intanet, ya ga an rubuta 1:64, ya ɗauka tunda lambar babba ce, motar ma ƙatuwa ce. Aka kawo kaya, aka buɗe kwali, sai ga abu da ƙyar ya kai tsawon yatsa. Nan take sai ihu, an damfare ni! To malam, ba wanda ya damfare ka. Lissafin ne ka karanta a baibai.

Yadda ake yin su ba wani dogon labari ba ne: ana narka gamin ƙarfe mai yawan zinki, a tura shi da ƙarfi cikin mazubi, ya daskare, a yi fenti, a sa tayoyi. Mu wuce.

Ku dubi motocin da ke kan teburin nan. Lambar da ke bayan ɗigo biyun tana gaya maka sau nawa aka rage motar gaske. Land Cruiser tana da tsawon kusan mita 5, wato santimita 500. Raba da 18, ka samu wajen santimita 28. Ga ta nan, sai da hannu biyu, ƙofofi na buɗewa, har sitiyari na juya tayoyin gaba. Raba da 24, wajen 21. Da 43, ba ta kai 12 ba. Da 64 kuwa, ko 8 ba ta cika ba. Kamar rabon nama ne, in masu ci suka yi yawa, kason kowa sai ya ragu.

Amma fa akwai wani tarkon. Kalli waɗannan biyun, kai ka ce awonsu ɗaya. Ta hagu Suzuki Jimny ce a 1:18, ta dama Land Cruiser a 1:24. Ita Jimny tun asali gajera ce, mita 3 da rabi da 'yan kai, shi ya sa suka zo kusan kai ɗaya. Lambar kaɗai ba ta isa ba, sai ka san tsawon uwar motar.

Ƙananan da ake ratayewa a jikin kati ma, ba kowacce ce 1:64 cif ba, sau da yawa daidai da kwalinsu ake ƙera su. Juya ta. Motocin Tomica, 'yan Japan, kan zo da ainihin awon a rubuce a ƙarƙashi.

Ni dai, in don jif ne, 1:43 ta fi min. Ana ganin safaya da tsani da kwandon rufi, kuma ba ta cinye maka ɗaki. Wanda ke haya a Legas ya san abin da nake nufi.

In kun leƙa kasuwar gwanjo ta Katangowa a Legas, ku duba ƙarfen da ke riƙe tayoyi, don ɗanshin garin nan na sa shi tsatsa. In kuma a waya za ku saya, ku ce mai kaya ya ajiye motar kusa da tef ɗin tela ya turo hoto, sannan a yi maganar kuɗi.