Amsoshin Tambayoyinku: Hoton ƙwaƙwalwa ya fito lafiya, to ina ciwon yake?

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙon farko daga wata 'yar'uwa ne, ta ce ƙaninta na fama da farfaɗiya, an yi masa hoton MRI likita ya ce bai ga komai ba, to wai ina ciwon yake?

'Yar'uwa Allah ya ba shi lafiya. Hoton nan naman ƙwaƙwalwa yake nunawa, ko akwai ƙari ko tabo, amma ba ya nuna yadda sassanta ke isar wa juna saƙo, kuma sau da yawa nan matsalar take. Ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 ne a ƙwaƙwalwar mutum, kowacce ta fi hulɗa da maƙwabtanta, sai wasu 'yan dogayen hanyoyi da ke haɗa ɓangarori masu nisa, shi ya sa saƙo ke isa da sauri. Wannan tsarin shi masana ke ce wa "ƙaramar duniya". Duncan Watts da Steven Strogatz ne suka fito da lissafinsa a 1998, har suka gwada shi a kan wata 'yar tsutsa mai ƙwayoyin jijiya 302 kacal.

To a lokacin farfaɗiya sai ƙwayoyin su riƙa harba lantarki gaba ɗaya a tare, maimakon kowa ya yi nasa aikin, kuma dogayen hanyoyin nan da ke da amfani su ne kan taimaka wa abin ya bazu. Don haka ki tambayi likita batun gwajin EEG, wanda ake manna wayoyi a fatar kai don auna lantarkin ƙwaƙwalwa, kuma don Allah kar ya bar magani saboda hoto ya fito fes.

Wani bawan Allah kuma ya ce babansa na da cutar mantuwa ta Alzaima, ko abin ɗaya ne? Malam sannu da ɗawainiya. A nan manyan mahaɗun hanyoyin saƙo na ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa, binciken Cornelis Stam a 2007 ya nuna hanyar saƙo na ƙara tsawo. Haka a sikizofireniya, wato wani nau'in ciwon taɓin hankali, ma an ga tsarin ya hargitse. Sai dai fa duk wannan kwatanta rukunin marasa lafiya da masu lafiya ne, har yanzu ba a amfani da wannan tsarin a asibiti wajen gano cutar da ke damun mutum.